Intabiyun aikin manhaja yana kayar da masu ADHD tun kafin a ga aikinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ake yi wa masu haɗa manhajar kwamfuta intabiyun ɗaukar aiki, da yadda wannan tsarin ke kayar da irinmu masu larurar ADHD tun kafin a ga abin da muka iya. Yanzu duk inda ka juya a arewa maganar koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ake yi, musamman tun da ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Bosun Tijani ta fito da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ga cibiyoyi a Kano da Kaduna da Jos suna ta yaye matasa, alhamdulillah abin farin ciki ne. Amma kowa maganar a koya yake yi, ban ji wanda yake maganar ƙofar da za a bi a shiga aikin ba, kuma wallahi a bakin ƙofar nan ne mutane da yawa masu basira suke zubewa.

Ni sana'ata kenan, manhaja nake rubutawa, kuma sai da na girma har na fara aiki sannan likitan ƙwaƙwalwa ya duba ni ya ce ADHD gare ni. Ga wanda bai sani ba, larura ce da mutum ke tasowa da ita tun yarinta, tana sa tsayar da hankali a kan abu ɗaya ya yi wahala, ga mantuwa, ga gaggawar magana ko aiki kafin a gama tunani, wasu kuma ga yawan motsi ba sa iya zama wuri ɗaya. Masu bincike sun ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 na da ita a duniya, manya kuma wajen 2 da rabi cikin 100, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Masu cewa wai sabuwar cutar 'yan boko ce da waya ta kawo su sani tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin yara masu irin wannan hali, sannan a ƙa'idar da likitoci ke bi ta 2013 sai alamun sun bayyana kafin shekara 12 ake cewa mutum na da ita. Mu a nan irin yaran ne ake cewa sun cika ƙiriniya, ba sa ji, ga ƙoƙari ga shiririta, a makarantar boko a doke su a Islamiyya a doke su, mata kuma yawanci ba a ma lura da su don nasu shiru ne, yarinya na zaune a aji tana kallon malam amma hankalinta ya yi nisa.

To bari in faɗi yadda intabiyun yake ga wanda ba a harkar yake ba. Manyan kamfanoni irin su Google da Amazon da Meta su suka yaɗa salon, ƙanana suka kwafa, har kamfanonin Legas da Abuja ma yanzu haka suke yi. Da farko mai nemo ma'aikata zai kira ka ku ɗan yi hira, sannan a turo maka gwaji a shafukan gwada masu rubuta manhaja irin su HackerRank ko Codility da agogo yana tafiya a saman sikirin, in ka tsallake sai a haɗa ka da injiniya ɗaya ko biyu a Zoom ko Google Meet, a buɗe shafin da kai da su duk kuna ganin abin da kake bugawa, a ba ka matsala irin ta LeetCode, wato shafin da ake atisayen tambayoyin rubuta manhaja, a ce ka warware cikin minti 45 kana yi kana bayanin tunaninka da baki. Bayan nan akwai zagayen tsara babbar manhaja, akwai na tambayoyin hali, irin ba mu labarin lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki. Wani kamfanin zagaye huɗu, wani biyar, abin ya ɗauki makonni.

Wancan na minti 45 ɗin shi ne mai kashe mu. Mai tambaya zai fara karanto matsalar da baki, a jimla ta farko ina tare da shi, a ta biyu ya ambaci wata kalma sai ƙwaƙwalwata ta cafke ta ta fara gina amsa tun bai gama ba, kafin in dawo ya riga ya faɗi sharaɗi na uku wanda shi ne ainihin tarkon tambayar, ni kuma ban ji ba. Ga janaretan maƙwabci yana ruri, ga fuskata a ƙaramin akwatin kamara ina ganin kaina, ga alamar linzaminsa tana motsi a kan shafin, kowanne yana jan hankalina da ƙarfi iri ɗaya. Na fara rubutu, na sa wa wani abu suna a layi na huɗu, kafin in kai layi na goma sha biyu sunan ya ɓace min sai na koma sama na duba, shi kuma yana cewa in ci gaba da bayani da baki, alhali da zarar na buɗe baki zaren da nake riƙe da shi a kai ya tsinke. Daga nan zuciya ta fara bugawa, tafin hannu ya jiƙe, abin da nake yi kullum ba tare da tunani ba ya gagare ni. Ana kashe kiran, in tashi in sha ruwa in dawo, in warware matsalar nan tas ni kaɗai a ɗaki. Duk mai ADHD da ke wannan sana'a da na yi hira da shi ya san wannan baƙin cikin.

Likitoci sun ce abin da ke da rauni a wurinmu shi ne wannan ɗan ma'ajin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abubuwa uku huɗu na ɗan lokaci tana aiki da su, da kuma iya tace abin da ya kamata a saurara daga hayaniya. A aikin yau da kullum wannan ba ya hana mu komai sosai, don aikin a rubuce yake zuwa, akwai tikiti a Jira, manhajar da ake rubuta wa kowa aikin da aka ba shi, akwai bayanan manhaja a buɗe, akwai Google, akwai damar ka tashi ka zagaya ka dawo. Kuma da yawanmu in abu ya kama hankalinmu muna iya nutsewa a cikinsa awanni ba ci ba sha har sai mun gano inda kuskuren kod, wato rubutun da ke gina manhaja, ya ɓuya, abin da ya sa ma sana'ar ke jan irinmu kenan. Intabiyun ne ya kwashe duk waɗannan kayan taimakon ya bar mutum da abin da ya fi rauni a kai.

Kada a ce ƙorafin wanda ya faɗi ne kawai. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka tare da Microsoft sun gwada ɗaliban kimiyyar kwamfuta 48, aka ba su matsala iri ɗaya, rabi suka warware a allo mai tambaya na tsaye yana kallonsu suna bayani, rabi aka bar su su kaɗai a ɗaki. Waɗanda ake kallo ƙoƙarinsu ya faɗi da fiye da rabi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne matan da aka yi wa a gaban mai kallo duk sun faɗi, waɗanda aka bari su kaɗai duk sun ci. Kuma waɗannan ba masu ADHD aka zaɓo ba fa, ɗalibai ne kawai, to ina ga wanda dama can riƙe hankali ke ba shi wahala. Ko Max Howell, wanda ya ƙirƙiri Homebrew da masu haɗa manhaja da kwamfutar Mac ke amfani da shi a duk duniya, ya fito a 2015 ya ce Google ba su ɗauke shi ba saboda ya kasa warware wata tambaya ta juya tsarin bayanai mai kama da bishiya a allo. Abin ya yi kama da ka je ɗaukar tela aiki, ga riguna da ya ɗinka a rataye ka ƙi dubawa, ka ce ya zura zare a allura kana tsaye a kansa kana ƙirga sakan.

Amma tunda ba gobe za a canja tsarin ba kuma dole mu ci abinci, bari in gaya wa 'yan'uwana abubuwan da suka taimake ni, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Babba a ciki shi ne kada ka yarda tambaya ta zauna a kunnenka kawai. Da an fara ka ce don Allah a liƙa maka ita a rubuce a shafin, yawancin masu tambaya ba sa ƙi, in ba a rubuce take ba kai ka buga ta da hannunka yana faɗa kana rubutawa, sannan ka karanta masa ka ce haka kake nufi? Wannan kaɗai ya ceto ni daga warware tambayar da ba a yi min ba. Bayan nan kafin ka rubuta kod ko layi ɗaya, ka jera matakan da za ka bi da kalmomi na yau da kullum a saman shafin, ɗaya biyu uku, da misali ƙarami da ka bi da hannu. In hankalinka ya tafi ya dawo, wanda tabbas zai yi, ga taswirarka nan a gabanka ba sai ka tono ta daga kai ba, kuma shi ma mai tambayar yana ganin yadda kake tunani ko da ba ka yi surutu da yawa ba. Maganar bayani da baki kuwa, ka faɗa musu tun farko cewa kai kana yin shiru minti biyu ka yi tunani sannan ka yi bayani, in ka sanar ba za su ɗauki shirun a matsayin ka ɓata ba. Ni ina ɓoye hoton fuskata a Zoom, akwai wurin yin haka, ina ajiye takarda da biro a gefe, duk wani tunani da ya faɗo wanda ba lokacinsa ba ne in rubuta kalma ɗaya in bar shi, sannan ina riƙe carbi a ƙasan tebur inda kamara ba ta gani, hannu na motsi kai na samun natsuwa.

Tambayoyin hali kuma matsalarmu a can akasin haka ce, ba ma rasa abin faɗa, yawa yake yi. A ce gaya mana kai waye, ka fara daga aikinka na yanzu ka tsinci kanka kana labarin kwamfutar farko da ka taɓa a kafe ɗin unguwarku. Maganinsa ka zaɓi labarai kaɗan daga aikinka tun a gida, kowanne ka rubuta shi a ƙaramin kati, me ya faru, me aka ɗora maka, me ka yi, me ya fito, ka manna a gefen sikirin, ka gwada faɗinsu da agogo har su tsaya a minti biyu. In ka kai ƙarshen katin ka yi shiru, in suna son ƙari za su tambaya. Katse mutum yana magana ma abu ne da ke fita ba da niyya ba, kuma a wurin manyanmu nan gida rashin ladabi ake ɗaukarsa, shi ya sa nake kashe makirfona in mai tambaya na magana, kafin in kunna ya gama.

Sai lokaci, wanda shi kansa bala'i ne a wurinmu don ba ma jin wucewarsa yadda sauran mutane ke ji. In an sa intabiyu ƙarfe huɗu na yamma, tun safe ba na iya taɓa komai, ina zaune ina jira, kafin lokacin ya zo na gaji liƙis. Don haka in an ba ka zaɓi ka ɗauki na safe. Matsalar ita ce kamfanonin waje, ƙarfe 9 na safe a San Francisco ƙarfe 6 na yamma ne a nan lokacin sanyinsu, ƙarfe 5 lokacin zafinsu, domin Amurka na canja agogo a watan Maris da Nuwamba, Ingila a Maris da Oktoba, mu kuma ba ma canjawa. Kada ka yi lissafin nan da ka, ka bar kalandar Google ta juya maka, ka sa ƙararrawa tun awa ɗaya kafin lokaci da wata minti goma kafin, kuma ka duba kada ya faɗa kan magariba, in ya faɗa ka nemi a matsar, ba wanda ya taɓa ƙi na a kan wannan. Cajin laftof, data a layi biyu ko MTN ya yi halinsa ka koma Airtel, gwada kamara, duk tun a daren da gobe intabiyu ake yi, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da tambaya wani zai iya dawowa ya ci gaba daga inda ya tsaya, mu kam komai ya watse.

Shirin LeetCode ba zan daɗe a kai ba. Zama kai kaɗai kana bin ɗaruruwan tambayoyi ba zai ɗore wa mai ADHD ba, ka samu aboki ku riƙa haɗuwa ko ta bidiyo ne, minti 25 a huta, kuna yi wa juna intabiyun gwaji yana kallonka har jikinka ya saba da ido.

Abin da ya fi wuya shi ne ko ka faɗa musu kana da larurar ko kada ka faɗa. A Amurka akwai dokar masu buƙata ta musamman ta 1990, a Birtaniya akwai dokar daidaito ta 2010, duka sun wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi sassauci daidai gwargwado, kamar ƙarin lokaci ko ba da tambaya a rubuce, shi ya sa za ka ga manyan kamfanoninsu na tambaya a fom ko kana buƙatar wani sauƙi, har Microsoft tun 2015 take da hanyar ɗaukar aiki ta daban da ta fara da masu otizim, larurar da ke shafar mu'amala da mutane. In ka ga wannan layin a fom ka yi amfani da shi, don kai aka sa shi. A nan gida ma muna da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma gaskiya ɗaya ce, doka na takarda, shi kuma manajan da ke gabanka da ya ji kalmar likitan ƙwaƙwalwa abin da zai zo masa a rai taɓin hankali ne, ba zai faɗa maka ba, kawai ba za a sake kiranka ba. Don haka ni shawarata a kamfanin gida ka nemi abin da kake buƙata ba tare da ka ambaci sunan larurar ba, ka ce na fi fahimta in an rubuta min, ko akwai damar a ba ni aiki in yi a gida in kawo mu tattauna a kai. Ba ƙarya ka yi ba, kuma sirrin lafiyarka naka ne.

Maganar magani kuma dole in yi ta da hankali saboda halin da muke ciki a arewa. Akwai magunguna da likitoci ke bayarwa, irin su methylphenidate wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, da atomoxetine, kuma suna taimakon mutane da yawa, amma na farkon yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido sosai, samunsa da wahala ga tsada. Bayan abin da kodin na tari da tiramol suka yi wa matasanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, duk wanda aka gani da ƙwayar da ta shafi ƙwaƙwalwa sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya, wannan ya sa wasu masu buƙata ta gaskiya ke ɓoyewa ko su ƙi zuwa asibiti gaba ɗaya. Ina roƙon matasa don girman Allah kada wani ya karanta wasiƙar nan ya je kemis ya sayi wani abu don zai yi intabiyu gobe, ko ya karɓa a hannun aboki, ko ya yanke wa kansa hukunci daga bidiyon TikTok. Rashin barci da damuwa da fargaba duk suna iya kama da ADHD, likita ne ke bambancewa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Aminu Kano. Wanda yake kan magani kuma ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin sha da lokacin intabiyu, musamman da azumi, kada ranar intabiyu ta zama ranar gwada sabon abu.

Yanzu ga masu kamfanoni da masu ɗaukar aiki, musamman namu na arewa da ke tasowa, ku ba Google ba ne da mutum dubbai ke nema a rana har sai kun yi tankaɗe da rairaya da agogo. Mutum goma ne ko ashirin suka nemi aikinku, kuna da lokacin buɗe GitHub ɗin kowa, wato shafin da yake ajiye kod ɗinsa, ku ga abin da ya gina. Ku ba mutum zaɓi, ko ya yi a gabanku ko ya tafi da ƙaramin aiki gida, ƙarami fa na awa biyu uku, ba ku ba shi aikin kamfaninku na sati ya yi muku kyauta ba. In tsoronku kada ya sa ChatGPT ya yi masa, ku zaunar da shi ya yi muku bayanin kod ɗin layi layi ku ce ya canja wani abu, nan take za ku gane. Ku faɗa wa mutum tun kafin ranar zagaye nawa ne da abin da za a tambaya a kowanne, ku rubuta tambaya, ku bar shi minti goma shi kaɗai kafin ku fara magana, ku daina yanke hukunci a kan wai bai kalle ku ido cikin ido ba ko yana ta juyi a kujera. Duk wannan ba zai ci muku ko kwabo ba, kuma mai in'ina da mai kunya da 'yar'uwarmu da ba ta saba zama gaban maza uku suna yi mata tambayoyi ba duk za su amfana. Masu horarwa a 3MTT da sauran cibiyoyi ku ma ku sa gwajin intabiyu a cikin darasi, kuma in kun ga ɗalibin da ke gina abin mamaki amma kullum a makare yake kawo aiki, ku ja shi gefe ku yi magana da shi kafin ku ce ba shi da himma.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne a shafinku na lafiya ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi bayanin ADHD na manya da Hausa, yadda ake gane ta da inda za a je da abin da ake kashewa, domin iyaye da matan aure da masu ɗaukar aiki su ji daga bakin masani. Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai haɗa manhaja, daga Kaduna